Daga Bagadaza Zuwa Unguwar Zariya: Tarihin Samosa da Yadda Ta Shigo Madafar Hausawa

Duk wanda ya halarci walimar aure ko buɗa-baki a Maraɗi cikin shekarun nan ya san cewa faranti bai cika ba sai da samosa. A unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo da Sabon Gari akwai matan da sana'arsu ke nan: su kwaɓa, su naɗe, su soya, ɗan kabu-kabu ya zo ya ɗauka ya kai wa mai oda. Yaran da suka taso yanzu suna ganinta kamar ƙosai ko fanke, abin da aka haife su aka tarar. Iyayensu kuwa sun san ba haka ba ne, domin a garar da aka kai musu alkaki da nakiya da dubulan ne ke gaba.

Idan ka tambayi masu cinta daga ina ta fito, yawanci za su ce Indiya. Amsar tana da gaskiya, sai dai ba ta cika ba. Ita kanta Indiya baƙuwa ce samosa ta je mata, kuma hanyar da ta bi kafin ta iso gaɓar Gulbin Maraɗi ta ratsa Farisa da Bagadaza da Delhi da Makka da Legas da Kano. Bin wannan hanya yana nuna mana abubuwa da dama game da kanmu, musamman game da abin da muke ci da wanda muke dogara da shi kafin mu ci.

Asalinta a fadojin Gabas

Sunan ya samo tushe daga kalmar Farisanci, sanbosag, wadda Larabawa suka mayar sanbusaj ko sanbusak. A zamanin Abbasiyawa ta riga ta zama abincin manya a Bagadaza. Ana jingina wa Ishaƙ al-Mausili, mawaƙin fada wanda ya rasu a shekarar 850, wata waƙa da ta yabi sanbusaj ta kuma bayyana yadda ake haɗa ta. Littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ, Kitab al-Ɗabikh, wanda aka rubuta a ƙarni na 10, ya kawo hanyoyin yinta. A ƙarni na 11 masanin tarihin daular Gaznawiyawa, Abul Fadli Baihaƙi, shi ma ya ambace ta.

Daga nan ta bi fatake da mayaƙa da masu dafa wa sarakuna abinci, kowace ƙasa ta juya ta yadda ya dace da murhunta. A tsakiyar Asiya, wuraren Uzbekistan na yau, ta zama samsa, ana gasa ta a tanderu maimakon a soya. A Sham da Masar ta zama sambusak, wani lokaci da nama, wani lokaci da cuku. Ta shiga Indiya tare da sarakunan Musulmi da suka kafa daular Delhi a farkon ƙarni na 13. Amir Khusrau, malamin fada kuma mawaƙi da ya rayu tsakanin 1253 da 1325, ya ambaci samosar da manyan Delhi ke ci, wadda ake yi da nama da man shanu da albasa.

Mai karatu ya lura da wannan: samosar farko ta nama ce. Babu dankalin Turawa a cikinta, babu barkono, domin a lokacin duka biyun ba su bar nahiyar Amurka ba.

Mutumin da ya ga Delhi ya kuma ga Takadda

Akwai mutum ɗaya da ya haɗa bakin wannan labari biyu tun ƙarni na 14, shi ne Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan ɗan Tanja ta ƙasar Maroko. Ya isa Delhi a 1334, Sarki Muhammad bin Tugluƙ ya naɗa shi alƙali. A bayanin da ya yi na yadda manyan Indiya ke shirya liyafa, ya kawo sambusak dalla-dalla: niƙaƙƙen nama da aka dafa da albasa da kayan ƙamshi da 'ya'yan itatuwa masu maiƙo irin waɗanda Larabawa ke kira lauz da jauz da fustuƙ, a zuba cikin siririn burodi, a soya da man shanu, a ajiye wa kowane baƙo huɗu ko biyar.

Kusan shekara ashirin bayan haka, a 1353, wannan mutumin ya sauka a Takadda, garin tagulla da ke yammacin Azbin a Nijar ta yau. Ya rubuta cewa alkama kaɗan ce a garin, fatake da baƙi ne ke cinta, kuma miskalin zinariya da zai sayi mudu 90 na hatsin gari, mudu 20 kacal yake saya na alkama. A wannan bayanin ne kuma ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar Takadda, Gobir ɗin da yau fadarta ke Tibiri, kusa da Maraɗi, tun bayan yaƙin Gawakuke na 1836.

Shaidar Ibn Baɗɗuɗa ta bayyana dalilin da ya sa sambusak ba ta tsallako Sahara ta zauna ba a wancan zamani, duk da cewa ayarin raƙuma bai taɓa yankewa ba. Abinci ne mai buƙatar garin alkama mai laushi da mai mai yawa da nama, ukun a lokaci guda. A ƙasar da alkama ta ninka gero tsada fiye da sau huɗu, irin wannan abinci ba zai wuce gidan baƙo ba.

Yadda dankali ya shiga cikinta

A Indiya samosa ta ci gaba da zama ta fada har tsawon ƙarnuka. Littafin Ni'matnama, wanda aka rubuta wa Sarkin Malwa Giyasu Shah a ƙarshen ƙarni na 15, ya kawo nau'o'inta, har da ta naman barewa. Ain-i-Akbari, kundin mulkin Sarki Akbar na ƙarshen ƙarni na 16, shi ma ya lissafa ta cikin abincin fada.

Turawan Fotugal ne suka sauya mata fuska ba tare da niyya ba. Vasco da Gama ya isa gaɓar Indiya a 1498, suka kama Goa a 1510, jiragensu suka riƙa kawo tsirran Amurka. Barkono ya riga yaɗuwa. Dankalin Turawa ya ɗauki lokaci, sai a zamanin mulkin Ingila, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa na 19, nomansa ya bazu. Da dankali ya yi araha, sai talaka ya samu abin cika samosarsa, haka ma miliyoyin mabiya addinin Hindu waɗanda ba sa cin nama. Daga nan ta sauko daga fada ta koma bakin titi da tashar jirgin ƙasa, ana cinta da shayi. A Bengal ana kiranta shingara. Samosar Punjab, mai kauri mai ƙaton ciki na dankali da koren wake, ita ce wadda duniya ta fi sani da sunan ta Indiya.

Ma'aikata da 'yan kasuwan Indiya suka ɗauke ta zuwa Afirka. An fara sauke leburorin rake a Durban a 1860. Tsakanin 1896 da 1901 an kawo ma'aikata kimanin 32,000 domin shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Victoria. A gaɓar gabashin Afirka ta haɗu da 'yar'uwarta ta Larabawan Yaman da Oman wadda ta riga ta zuwa, shi ya sa daga Somaliya zuwa Zanzibar ake ce mata sambusa. Faransawa kuma sun san ta da samusa ta hanyar tsibirin Reunion.

Ƙasar Hausa ta riga ta shirya mata

Sabon abinci ba ya zama a inda bai tarar da dangi ba, samosa kuwa ta tarar da su a nan. Sunayen abincin alkama na Hausa sun isa shaida. Alkama daga al-ƙamh take, alkaki daga al-ka'ak, alkubus daga al-khubz, gurasa daga ƙursa. Duk Larabci ne, kuma sun zo da fataken Gadamas da Tarabulus da suka zauna a Katsina da Kano. Ana noman alkama da rani a fadamu, ba da yawa ba, don haka abincinta ya zama na biki da sallah da karrama baƙo. Wannan matsayi samosa ta gada.

Suya kuma tsohuwar sana'a ce. Macen da ta iya tuyar ƙosai da waina da funkaso ta san zafin mai, ta san lokacin tsamewa. Abin da ya ƙara ƙarfafa suya shi ne gyaɗa, ita ma 'yar Amurka ta Kudu da Fotugal suka kawo Afirka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma a ɓangaren Faransa Maraɗi ta zama cibiyarsa. A 1942 aka kafa masana'antar matsar mai ta Siconiger a garin. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka hau da shi kan tudu tare da tsofaffin unguwanninsa irin su Bagalam da Mokoyo da 'Yandaka da Limanci, sabbin unguwanni kamar Zariya suka biyo baya yayin da gari ke faɗaɗa. Kuɗin gyaɗa ne tushen attajiran da aka sani da alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Gari mai mai a yalwace, mai 'yan kasuwa masu tafiye-tafiye, shi ne irin garin da baƙon abinci ke samun masauki.

Hanyoyin da ta biyo

Hanya ta farko ita ce ta Makka. Tun da aka fara jigilar alhazai ta jirgin sama daga Kano a shekarun 1950, zuwa Hajji ya tashi daga tafiyar shekaru ya koma ta makonni, daga baya Umrar azumi ta zama al'adar masu hali. A Hijaz sambusa ita ce sarauniyar buɗa-baki, tare da dabino da shurba. Ga kuma dubban Hausawa mazauna Makka da Jidda da Sudan, waɗanda 'ya'yansu mata ke dawowa gida da girkin can. Ɗaurin da samosa ta yi da watan Ramadan a wurinmu daga nan ya fito, kuma har yanzu akwai gidajen da sambusa suke kiranta.

Hanya ta biyu ita ce ta Indiyawa da Kwarori mazauna Nijeriya. 'Yan kasuwan Sindh irin su gidan Chellaram sun buɗe shago a Legas tun 1923, daga baya suka yi rassa a Arewa. Bayan samun 'yancin kai aka ɗauko malaman makaranta da likitoci da injiniyoyi daga Indiya da Pakistan, da yawansu suka yi aiki a sakandaren Kano da Katsina da Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariyar Zazzau a 1962. Kukun gidajensu 'yan ƙasa ne, kuma kuku ba ya barin aiki ya bar abin da ya koya. Kwarori, wato 'yan Labanan da Siriya, suna da tasu sambusak ɗin, kuma su ne masu gidajen silima da suka fara haska finafinan Indiya tun shekarun 1950. Finafinan sun sa komai na Indiya ya samu farin jini a idon Bahaushe, daga sutura har waƙa, sunan samosa ya ci wannan gajiyar.

Hanya ta uku ita ce ta masu abincin biki. A Legas samosa ta shiga jerin 'yan ƙananan soye-soye da ake rabawa kafin babban abinci, salon ya hauro Abuja da Kaduna da Kano. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma aure da kasuwa sun ɗinke garuruwan biyu tun lokacin da sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa gadonsu a Maraɗi a farkon ƙarni na 19. Abin da aka raba a bikin Kano wannan wata, za a nema a bikin Maraɗi wata mai zuwa. Littattafan girki na Hausa da shirye-shiryen talabijin suka ɗora, sannan WhatsApp da YouTube da TikTok suka ƙarasa aikin.

Abin da hannun mai yi ke faɗa

Yadda ake yin samosa a gida shi kansa hujja ne a kan asalinta, domin iri biyu ce. Ta Punjab ana murje fulawa da mai tun kafin a sa ruwa, kamar cokali huɗu na mai a kofi biyu na fulawa, da gishiri, har sai garin ya dunƙule idan an matse shi a hannu. Sai a sa ruwa kaɗan a yi kwaɓi mai tauri, a rufe shi kamar rabin awa, a murza, a raba biyu, a naɗe kamar mazurari, a cika da dankali. Man da aka murje da shi ne ke hana ɓawon yin danƙo, taurin kwaɓin kuma ke hana shi shan mai. Ana soya ta a wuta kaɗan na tsawon lokaci, domin idan mai ya yi zafi da yawa bayanta zai yi ƙuraje ya yi ja alhali cikin ɓawon bai soyu ba.

Ta biyun ita ce mai siririn fallaye. Ana murza kwaɓin ya yi sirantaka, a shafa mai a jera fallayen, a ɗan gasa su a kasko sannan a ɓanɓare ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuma suna dama fulawa ruwa-ruwa su shafa a kaskon da ba ya kamu. Sai a yanka, a naɗe mai kusurwa uku, a zuba niƙaƙƙen nama da aka soya da albasa da attaruhu da citta da tafarnuwa, a liƙe baki da damammiyar fulawa. Sharaɗinta shi ne naman ya tsane ya kuma huce kafin a zuba, in ba haka ba tururinsa zai jiƙa fallen ta yi laushi. A liƙe bakin da kyau don kada mai ya shiga, kada kuma a rufe ta da zafinta bayan an tsame.

Wannan ta biyun ita ce ta gidajenmu. Ita ce ta Hijaz da Yaman da gaɓar gabashin Afirka da Musulmin yammacin Indiya, kuma ita ce mafi kusa da wadda Ibn Baɗɗuɗa ya siffanta. Sunan na Indiya ne, amma hannun ya fi kama da na Larabawa, yajin kuma namu ne.

Fulawa da mai

A nan labarin ya tashi daga daɗin baki ya koma tattalin arziki. Albasar da ke cikin samosa tamu ce, ta Galmi ta shahara har gaɓar teku. Naman namu ne, barkonon namu ne. Fulawar kuwa kusan dukkanta daga alkamar ƙetare take, man da ake suya da shi ma galibi na kanti ne da ake shigowa da shi. Farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun karya cinikin da ya gina Maraɗi, kamfanin Sonara da aka kafa a 1962 domin sayen gyaɗa ya rasa abin saye. Man ƙuli bai ɓace ba, mata na nan suna matsa, amma ya daina zama mai araha.

Tun 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman suka rubuta littafi a kan yadda burodi ya jefa Nijeriya cikin tarkon alkamar waje. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka zuba kuɗi a noman rani a wurare irin su Kadawa, amma a 1992 aka janye haramcin saboda abin da ake nomawa bai kusa isa ba. A Nijar faɗuwar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake shigowa da shi. Rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kowannensu ya taɓa farashin buhun fulawa da jarkar mai. Mai samosa a unguwar Zariya tana jin waɗannan a kaskonta: ko ta rage girma, ko ta rage nama, ko ta ƙara kuɗi ta rasa masu saye.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne a rayuwar gidaje. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna yawan cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida ba tare da sun taka kasuwa ba. Samosa sabon babi ce a wannan tsohon ciniki. Waya ta maye gurbin farantin talla, abin da ya rage wa wasu yara mata yawon titi. Daga ribarta ake zubin adashi, ake sayen kayan ɗaki, ake biyan kuɗin makaranta.

Abin da ya rage gare mu

Masu kukan cewa samosa ta kori alkaki da nakiya daga faranti suna da hujja, domin matan da suka iya alkaki na gaske suna raguwa, kuma 'yanmata sun fi son koyon abin da ake oda. Amma alkakin ma baƙo ne da ya daɗe har aka manta da baƙuncinsa, haka gurasa, haka gyaɗa da barkono da masara da rogo. Madafar Hausa ta saba karɓa ta juya. Tuni ake samosar kifi da ta kaza, kuma babu abin da zai hana ta zogale, ga shi kuwa Jiratawa, kudu da Maraɗi, ta yi suna wajen nomansa a filin noman rani da aka gina mata a farkon shekarun 1980.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta ɓawon da man. Alkama tana yi a Ƙonni da Azbin da Kadawa da gaɓar tafkin Cadi idan an samu ruwa da sanyin hunturu, gyaɗa kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina da Gobir. Muddin fulawa da mai suna jiran jirgin ruwa da buɗe iyaka, sana'ar dubban mata za ta ci gaba da rawa duk lokacin da aka yi rikici a wata ƙasa mai nisa. A 1353 Ibn Baɗɗuɗa ya tarar da alkama a Takadda abincin fatake da baƙi ce. Yau kowa na cinta, amma har yanzu fatake ne ke kawo ta. Gyaran wannan yana hannun masu tsara noman rani da masu zuba jari a matsar mai, kuma ya kamata mu riƙa tambayarsu a kai. Allah Ya sa albarka a sana'ar iyayenmu mata.